Wa Ya Fara Harbi? Gardamar 'Yan Kallon Yaƙin Taurari

 

A wannan karon za mu taɓa wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun shayi na Zango, wato gardamar 'yan kallon finafinan nan na Amurka da ake kira Star Wars, waɗanda mu nan Wagadugu muka fi sani da sunansu na Faransanci, La Guerre des étoiles, ko kuma mu ce Yaƙin Taurari. Na san wani dattijo zai ce ashe mai filin nan ya rasa abin rubutawa, ana fama da tsadar masara shi kuwa yana zancen jiragen da ba su taɓa tashi ba. To, a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Domin kuwa ruwa ba ya tsami banza, idan aka tone gardamar nan za a tarar tambaya ɗaya ce a ƙarƙashinta, kuma ta shafe mu ƙwarai da gaske. Tambayar ita ce, idan labari ya fita ya shiga kan jama'a, na wane ne? Na wanda ya ƙaga shi ne, ko kuwa na waɗanda suka ji suka riƙe?

Bari mu fara da ɗan bayani saboda wanda bai taɓa kallo ba. Wani darakta Ba'amurke mai suna George Lucas shi ne ya fito da fim na farko ranar 25 ga watan Mayu, 1977. Labarin wani yaro ne, Luke Skywalker, da ya tashi a matsayin maraya a gonar baffansa cikin wata duniyar hamada, ya bi wani tsoho ya koyi faɗa da takobin haske, sannan ya shiga cikin 'yan tawaye masu yaƙar wata azzalumar daula da ta mamaye taurari. Babban dogarin wannan daula wani ƙato ne mai baƙar alkyabba da baƙin kwalkwali, mai numfashi kamar zugazugin maƙera. A fim na biyu, na 1980, wannan mugu ya shaida wa yaron cewa shi ne ubansa. A na uku kuwa, na 1983, ɗan ya ƙi kashe uban, uban kuma ya yi nadama ya ceci ɗansa kafin ya cika. Daga baya Lucas ya koma baya ya yi wasu guda 3, a 1999 da 2002 da 2005, don nuna yadda aka yi uban ya lalace tun yana saurayi. A watan Oktoba na 2012 ya sayar da kamfaninsa, Lucasfilm, ga kamfanin Disney a kan dalar Amurka biliyan 4 da 'yan kai, su kuma suka ƙara wasu 3 a 2015 da 2017 da 2019. Manyan finafinai 9 ke nan, ban da na gefe da na talabijin.

Mu nan yawancinmu ba a babban allo muka fara saninsa ba. Gidajen sinimarmu, kafin gwamnatin Janar Lamizana ta karɓe su daga hannun kamfanonin Turawa a 1970 da kuma bayan nan, abin da ya fi cika su shi ne Indiya da karate da kaboyi. Yaƙin Taurari a kaset ya fi yawo, a gidajen bidiyo na unguwa inda yaro ke biyan dala 10 ya zauna bisa benci cikin zafi. Daga nan ne ma gardama ta farko ta samo asali, domin kuwa mu na Faransanci muka kalla, 'yan'uwanmu na Zangon Kumasi da Akara da mutanen Kano kuwa na Ingilishi suka kalla. Mai baƙin kwalkwalin nan a wurinmu Dark Vador ne, a wurinsu Darth Vader. Ɗan fasa-ƙwaurin nan mai jirgi, Han Solo, masu fassarar farko a Faransa sun mai da shi Yan Solo, abokinsa mai gashi, Chewbacca, ya zama Chiktabba, mutum-mutumin nan mai ruwan zinariya, C-3PO, ya koma Z-6PO, shi kuwa gajeren, R2-D2, aka juya shi ya zama D2-R2. Daga baya an mayar da mafi yawan sunayen yadda suke, amma Dark Vador ya zauna daram. Har gobe idan baƙo ya zo daga Gana aka hau zancen, sai ka ji kowa na rantsuwa nasa ne sunan gaskiya.

Haka kuma batun murya. A na Ingilishi, muryar mugun ta James Earl Jones ce, wani baƙar fata ɗan Amurka wanda ya rasu a watan Satumba na 2024. A na Faransanci kuwa, daga fim na 1980, muryar Georges Aminel ce, wanda mahaifinsa mutumin tsibirin Martinik ne, shi ne kuma baƙar fata na farko da aka ɗauka a babban gidan wasan kwaikwayon nan na Paris, Comédie-Française, a 1967. Amma da aka tuɓe kwalkwali a ƙarshen fim na uku, sai ga fuskar wani tsohon Bature ɗan Ingila. Akwai masu tsokana a majalisa da ke cewa, wato muddin yana mugu muryarmu ce da shi, ran da ya tuba sai ya zama fari. Wasu kuma su ce ai uban Luke ne, yaya za a yi ya fito baƙi? Ka ji inda ake ƙara ruwa a buta.

In ka zauna ka saurara da kyau, za ka ga 'yan gardamar nan sun kasu gida uku. Gida na farko su ne manya, waɗanda suka ga na 1977 zuwa 1983 suna samari. Su a wurinsu da tsohuwar zuma ake magani, duk abin da ya biyo baya kasuwanci ne kawai. Babban abin da ya ɓata musu rai a fim na 1999 shi ne yadda aka ɗebi jinin yaro aka auna, wai a ga yawan ɓoyayyen ƙarfin nan da jaruman ke aiki da shi. Suka ce a da abin baiwa ne da tarbiyya da horon malami, yanzu an mai da shi awon asibiti kamar na zazzaɓin sauro. Gida na biyu su ne 'yan tsakiya, waɗanda suka buɗe ido da na 1999 zuwa 2005. Su kuma cewa suke nasu ya fi ma'ana, domin ya nuna yadda wani ɗan majalisa mai daɗin baki ya hura wutar yaƙi da kansa, sannan ya nemi a ba shi ikon gaggawa don ya kashe ta, daga nan jamhuriya ta zama daula ana tafa masa. Suka ce wanda ya tashi a Afirka ta Yamma ba sai an fassara masa wannan ba. Gida na uku su ne yaran yanzu masu kallo a wayar hannu, waɗanda suka fara da na 2015. Su ma kansu a rabe yake kan fim na 2017, wanda darakta Rian Johnson ya yi, inda Luke ya tsufa ya yi fushi da duniya ya koma tsibiri, aka miƙa masa takobinsa ya jefar ta bayan kafaɗa. Wasu sun ce wannan cin mutuncin jarumi ne, wasu sun ce haka tsufa yake ga wanda almajirinsa ya ci amanarsa. Shi kansa Mark Hamill, mai fitowa a matsayin Luke, ya faɗa a fili cewa da farko bai yarda da yadda aka juya halin ba.

Duk waɗannan gardamar son rai ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma kowa fim ɗin ƙuruciyarsa yake karewa ko ya sani ko bai sani ba. Amma akwai guda ɗaya da ta fi su nauyi, ita ce ta ba wa wannan rubutu sunansa.

A fim na 1977 akwai wani wuri a cikin mashaya, inda wani koren halitta mai suna Greedo, yaron wani babban ɗan ta'adda da ke bin Han Solo bashi, ya ritsa shi da bindiga. Han ya yi ta jansa da magana, hannunsa kuwa na ƙarƙashin tebur yana zare tasa bindigar, ba zato ya harbe shi, ya tashi ya jefa wa mai mashaya kuɗi ya fita abinsa. Haka duniya ta kalla shekara 20. A 1997 sai Lucas ya sake fito da finafinan uku na farko, ya yi musu kwaskwarima da kwamfuta, ya ƙara halittu da gine-gine. A cikin gyaran ne aka sa Greedo ya fara harbi, ya kuskure mutumin da ke zaune gabansa tazarar kamu biyu, sannan Han ya rama. A faifan DVD na 2004 aka sake taɓa wurin, harbin ya zama kusan lokaci ɗaya. A 2011 aka ƙara rage shi. A 2019, da aka sa fim ɗin a tashar Disney+, sai ga Greedo yana furta wata baƙuwar kalma kafin ya mutu. Bugu da ƙari, a gyaran 2004 an cire tsohon nan ɗan Ingila, Sebastian Shaw, daga fitowar ƙarshe ta fim na 1983 inda kurwar uban ke bayyana, aka liƙa saurayin da ya fito a sababbin finafinai, Hayden Christensen.

Hujjar Lucas ba ta banza ba ce, ya kamata a ji ta. Ya ce a 1977 ba shi da isassun kuɗi da lokaci da na'urori, saboda haka abin da aka gani rabin aiki ne, yanzu ne ya kammala. Game da harbin kuma ya ce bai dace a nuna jarumin da zai auri gimbiya yana kisa ba tare da an fara kai masa hari ba. Masu goyon bayansa a majalisa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tela ma idan ya ga ɗinkinsa ya karkace ai yana da ikon farkewa.

Masu adawa kuwa suka ce garin neman gira an rasa ido. Daɗin labarin Han Solo shi ne ya fara a matsayin mutumin da bai san kowa ba sai aljihunsa, wanda zai iya harbinka yana murmushi, amma a ƙarshen fim ya juyo da jirginsa ya dawo ya ceci abokinsa ba don kuɗi ba. In ka mai da shi mutumin kirki tun daga farko, to ina abin mamaki a dawowarsa? Suka kuma tuna wa Lucas cewa shi da kansa ya je gaban majalisar dokokin Amurka a watan Maris na 1988, ya yi Allah wadai da masu shafa wa tsofaffin finafinai launi da masu sauya su, yana mai cewa gadon al'umma ne. A 1989 kuma fim ɗin nasa na cikin guda 25 na farko da babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya zaɓa don a adana saboda tarihi.

To, ga ra'ayin mai wannan fili. Ni a ganina laifin Lucas ba ya cikin gyaran. Kayansa ne, in ya ga dama ya sa Greedo ya yi rawa kafin ya mutu. Laifin yana cikin ɓoye na asalin. Shekaru masu yawa ya ƙi yarda a gyara na 1977 a fito da shi yadda mutane suka gan shi. Da aka matsa, a 2006 aka liƙa shi a matsayin gyara a bayan wani faifan DVD, shi ma daga wani tsohon kwafi na 1993 mai dishi-dishi. Abin ya kai har wani malamin makaranta a ƙasar Cek, Petr Harmáček, ya zauna a ɗakinsa yana harhaɗa hotuna daga tsofaffin faifai don ya maido da fim ɗin kamar yadda yake, ya fitar a 2011. Sai a watan Yuni na 2025 aka nuna wani tsohon kwafi na 1977 a bainar jama'a a wani bikin finafinai a Landan, kuma a ƙarshen shekarar Lucasfilm ya sanar cewa zai fito da na asalin a gidajen sinima a watan Fabrairu na 2027, albarkacin cikarsa shekara 50. Wato sai da 'yan kallo suka yi kusan shekara 30 suna ƙorafi kafin a saurare su.

Mu Hausawa ba baƙin sauya labari ba ne. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, yadda kakarka ta ba ka daban, yadda tawa ta ba ni daban, ta Katsina ta sa kura, ta Maraɗi ta sa dila, ba wanda ya taɓa kai ƙara. Dalili kuwa shi ne sabuwar ba ta kashe tsohuwar, duk suna nan suna yawo a bakin mutane. Fim ba haka yake ba. Uwar fim ɗin tana kulle a ɗakin mutum ɗaya, in ya sauya ya ɓoye ta farkon, to nan da shekara 30 yaro zai ƙaryata ubansa. Uban ya ce na gani da idona Han ne ya fara harbi, yaron ya ɗauko waya ya nuna masa akasin haka, uban ya zama maƙaryaci a gidansa. Wannan shi ne abin da ke ƙona wa manya rai, ko da ba su iya faɗinsa haka ba.

Mu mutanen Zango kuwa ba sai an yi mana dogon bayani kan wannan ciwo ba. A 2003 katafila ta bi ta kan tsohon Zango, wato Zangouettin, tare da maƙwabtansa irin su Tiedpalogo da wani sashe na Kuluba, a ƙarƙashin shirin nan na ZACA na sabunta tsakiyar gari. An ba da diyya, an raba filaye a Waga 2000 da Nioko, jama'a suka watse. Ba ina nan ne don in sake tayar da waccan shari'a ba, mai gari yana da ikon gyara garinsa, kuma wasu gine-ginen da suka tashi sun fi na da kyan gani. Abin da nake nufi shi ne, yaron da aka haifa bayan 2003 in ya tsaya a wurin yau, ba abin da zai gaya masa nan ne ƙofar gidan kakansa, nan masallacin unguwa, nan ake sauke fatake masu goro. Abin da ya rage sai hotunan da ke cikin akwatunan tsofaffi da abin da ke bakinsu. Shi ya sa nake cewa wanda zai yi gyara ya gyara, amma ya bar wa na baya shaidar yadda abin yake a da.

Amma fa tsakani da Allah, laifi tudu ne, 'yan kallo sun taka nasu sun hango na Lucas. Domin daga cewa labarin namu ne, wasu sun zarce zuwa cewa 'yan wasan ma bayinsu ne. Ahmed Best, baƙar fatan da ya yi wasan wani wawan halitta mai dogayen kunnuwa, Jar Jar Binks, a fim na 1999, ya sha zagi har ya bayyana a 2018 cewa ya taɓa kusan hallaka kansa. Kelly Marie Tran, 'yar Amurka wadda iyayenta suka yi gudun hijira daga Biyetnam, ta fito a fim na 2017, aka yi ta cin mutuncinta kan launinta da surarta har ta goge duk abin da ta sa a shafinta na Instagram a 2018. Mutumin da aka ɗauka aiki aka ba shi takarda ya haddace, mene ne laifinsa? Kuma da kamfani ya tsorata da masu ihu, me aka samu? A fim na 2019 fitowar yarinyar nan ba ta kai minti 2 ba. Jarumar labarin kuma, Rey, wadda aka ce a 2017 'yar talakawa ce da ba su da suna, abin da ya faranta ran duk wanda ba ɗan kowa ba, sai aka juya aka ce jikar mugun sarki ce. Aka nemi a faranta wa kowa, aka tashi ba a faranta wa kowa ba. Ashe labari in ya biye wa mai ƙarfin murya ma lalacewa yake yi.

Wanda ya nuna yadda ake gardama ta mutunci shi ne John Boyega, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Tun da aka nuna fuskarsa a tallar farko a ƙarshen 2014, sanye da fararen kayan sojan daula, masu wariyar launi suka taso masa. A hoton tallar da aka yi don ƙasar Sin an ƙanƙantar da shi ƙwarai. Ya daure ya gama finafinan 3, sannan a 2020 ya fito a wata hira da mujallar GQ ya gaya wa Disney gaskiya, cewa bai kamata a tallata baƙar fata kamar shi ne jigon labari ba, sannan a ture shi gefe. Bai zagi abokan aikinsa ba, ya nufi masu yanke shawara ne kai tsaye. A majalisunmu ma, wannan ne wuri ɗaya da na ga gidajen nan uku sun haɗu a kan magana guda, cewa sojan da ya ajiye bindiga ya ƙi harbin talakawa shi ne labari mafi kyau da aka samu, kuma shi aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Saura mai cewa, to wai mu ina ruwanmu da fim ɗin Turawa? Amsa ta farko, hannun Afirka na ciki tun ranar farko. Duniyar hamadar da Luke ya tashi a kudancin Tunisiya aka ɗauke ta, gidan baffansa wani masauki ne na ƙarƙashin ƙasa a garin Matmata, sunan duniyar ma, Tatooine, daga garin Tatawin aka aro shi. A fim na 1983 akwai wani matuƙin jirgi, Nien Nunb, da ake zaton yaren wata duniya yake yi, ashe wani ɗalibi ɗan Kenya ne, Kipsang Rotich, ya yi muryar, har da harshen Kikuyu a ciki, mutanen Nairobi suna jin abin da yake faɗa sarai.

Amsa ta biyu ita ce ta fi muhimmanci. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Idan fim ɗin da ya tara biliyoyi zai iya ɓata daga idon jama'a shekara da shekaru, ina ga namu? Garin nan namu shi ne gidan FESPACO tun 1969, kuma a nan aka kafa taskar adana finafinan Afirka a 1989. Ranar 1 ga Satumba, 2009, da aka yi ruwan nan da ba a manta da shi ba, ambaliya ta shiga taskar ta jiƙa faya-fayai masu yawa. Wani abin mamaki kuma, da aka tashi gyara tsohon fim ɗin Med Hondo, Soleil Ô, a 2017, gidauniyar iyalin George Lucas na cikin waɗanda suka biya kuɗin aikin. Wato mutumin da ya ɓoye nasa na asali ya taimaka an ceto namu, a nan kam sai mu ce masa madalla. Med Hondo ɗin nan kuwa shi ne ya yi Sarraounia, labarin sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa a Nijar, wadda ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899. A nan Barkina aka ɗauki fim ɗin, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Yara nawa ne a Zango da suka haddace sunayen jiragen daula suka taɓa ganinsa?

Mai son labarin ɗa da uba da takobin haske kuma, ya nemi Yeelen na marigayi Souleymane Cissé na Mali, wanda ya ci kyautar alƙalai a bikin Kan na Faransa a 1987. Shi ma uba ne mai asiri ke farautar ɗansa, suka haɗu a ƙarshe, haske ya cinye su duka biyu, jika ya gaji abin da ya rage. Cissé ya rasu a Bamako a watan Fabrairu na 2025, kwanaki kaɗan kafin ya zo nan ya shugabanci alƙalan FESPACO. Ga gardama mai daɗi da na so in ji an yi a majalisa: wanne ya fi kusa da gaskiyar rayuwa, uban da ya yi nadama a hannun ɗansa, ko wanda ya tafi da taurin kansa?

Saboda haka shawarata ga matasanmu guda biyu ce. Ta farko, ku ci gaba da gardama, domin fim ɗin da ba a musu a kansa ya mutu, amma a bar zagin iyaye da ɓata zumunci a kan mutanen da ba su san da zamanmu ba. Ta biyu, tunda kowa na da waya mai ɗaukar hoto da murya, ku zauna da tsofaffin da suka rayu a Zangouettin ku ɗauki maganarsu, ku kwafi hotunan aure da na suna da na hawan salla da ke cikin akwatuna kafin gara ta riga ku, kasakasan bidiyo na bukukuwa kuma a mai da su cikin kwamfuta tun ana samun na'urar da ke karanta su. Ba a fafe gora ranar tafiya. In Allah Ya kai mu 2027, shekarar da bisa al'ada za a yi FESPACO karo na 30, mutanen Amurka za su koma sinima su ga wanda ya fara harbi da idonsu. Ya kamata mu ma a lokacin muna da abin da za mu nuna wa 'ya'yanmu.

Amma don kada a ce na kauce wa tambaya, Han ne ya fara harbi, hasali ma a 1977 shi kaɗai ya yi harbin. Wanda bai yarda ba, ƙofar wannan fili a buɗe take, ya rubuto da Hausa ko da Faransanci, za mu buga in dai babu zagi.